Gidan tarihi a kasafin majalisar gari: haƙƙinsa ne ko alfarma ake masa?

Shugaban Zaure:
Assalamu alaikum jama'a. Lokacin tsara kasafin kuɗi ya zo, maganar da ake yi duk shekara kuma ta sake tasowa. Shin ya dace majalisar gari ta ware wa gidan adana kayan tarihi kuɗi daga harajin da ta tara, ko a bar shi ya nemi na kansa? Ƙaramin gidan tarihi na gari nake nufi, mai riƙe da tsofaffin hotuna da takardu da taswirori da kayan sana'a, ban da manyan gidaje na ƙasa da gwamnatin tsakiya ke ɗaukar nauyinsu. Ƙa'idar zaure tana nan: ba zagi, ba tallan jam'iyya, wanda duk ya kawo adadi ya tabbata ya san inda ya samo shi. Bismillah.

Mai Biyan Haraji:
Wa alaikumus salam. Bari in fara da abin da mutane da yawa ke faɗa a zuci suna jin nauyin furtawa. Majalisar da ba ta gama kwashe shara ba, magudanan ruwa a toshe, ƙaramin asibiti ba magani, ita ce za ta ɗebi kuɗi ta kai ɗakin da aka jera tsofaffin kaya? Mutum nawa ke shiga a yini? Mai son tarihi ya biya a ƙofa. In kuɗin ƙofa bai riƙe gidan ba, to jama'a sun ba da amsarsu ke nan.

Malamar Firamare:
Alhaji, waɗanda suka fi kowa shiga gidan su ne ba su da abin biya. Yara ne. Na taɓa kai ajina, ma'aikacin ya shimfiɗa musu wata tsohuwar taswira a kan tebur, ya ce su nemo inda makarantarsu take. Suka duba, suka tarar wurin kududdufi ne a da. Wata yarinya ta ɗago kai ta ce, "Malama, shi ya sa ruwa ke shigo mana aji." Na yi ta koya musu darasin ambaliya daga littafi, bai zauna ba sai ranar. Magudanan da kake magana a kai, Alhaji, labarinsu yana cikin ɗakin da kake so a rufe.

Mai Biyan Haraji:
Malama, ban ce a rufe ba. Cewa na yi ya ci da kansa.

Tsohon Ma'aji:
Kafin ku yi nisa, ku bari in faɗi yadda takardar kasafin take, don na ga kamar ana musu a kan abin da ba a buɗe an duba ba. Kasafi gida biyu ne. Akwai na manyan ayyuka: gini, katanga, sayen mota. Akwai na yau da kullum: albashi, wuta, ruwa, gyaran rufi, maganin ƙwari, takarda da tawada. Gidan tarihi bai cika mutuwa don rashin na farko ba. Na biyun ne ke kashe shi, a hankali, ba wanda ya lura.

Dalili kuwa a fili yake. Sabon gini yana da ranar buɗewa, yana da allo mai sunan wanda ya ƙaddamar, yana da ɗan kwangila da zai yi ta sintiri a ofis har sai an biya shi. Gyaran indararo ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ba mai bin sa. Sayen doki a yini ɗaya ake gama shi, ciyar da shi kuwa sai ranar da ya mutu, mu kuma a ofis mun fi son sayen.

Sai abu na biyu, wanda waɗanda ba su zauna a ofishin kuɗi ba ba su cika sani ba. Abin da aka amince da shi a kasafi daban, abin da aka saki daban. Za ka ga layin gidan tarihi da adadi mai kyau a takarda, kansiloli sun ɗaga hannu, an buga a jarida. Wata na tafiya, kuɗin shiga ya gaza abin da aka yi hasashe, sai ma'aji ya fara zaɓen wanda zai biya. Albashi dole. Bashin banki dole. Mai kwashe shara in ba a biya shi ba gobe gari ya yi wari. Gidan tarihi in ba a biya shi ba, gobe ba abin da zai faru. Jibi ma haka. Shi ya sa kullum shi ne na ƙarshe a layi. In kuna son sanin gaskiyar yadda gari ke riƙe gidansa, ku nemi rahoton abin da aka kashe a ƙarshen shekara, ku ajiye shi kusa da kasafin, ku duba tazarar.

Ɗan Jami'a:
Baba Ma'aji, Allah ya ƙara girma. Amma ni ina ganin matsalar ƙaramin tunani ce. Ana kallon gidan a matsayin kashe kuɗi, alhali jari ne. Ku dubi Bilbao a Sifaniya. Gari ne na masana'antu da ya durƙushe, hukumomin yankin suka zuba kuɗi aka gina gidan Guggenheim, aka buɗe a 1997, yanzu fiye da mutum miliyan ɗaya ke zuwa duk shekara. Otal-otal sun cika, haraji ya dawo. Me zai hana kowane gari ya yi tunani irin wannan?

Injiniya:
Ƙanena, Bilbao ce kowa ke kawowa, ba mai kawo Sheffield. A 1999 aka buɗe cibiyar tarihin kiɗan zamani a can Ingila, aka kashe mata fam miliyan 15, aka yi hasashen mutum 400,000 a shekara. Ba su zo ba. A 2000 aka rufe. Ginin yana nan, ɗaliban jami'a ne suka gaje shi. Kuma Guggenheim gidan zane-zane ne mai suna a duniya, ga gini da mutane ke ketare teku don su ɗauki hotonsa. Wa zai hau jirgi don ya ga rajistar kasuwar wani ƙaramin gari? Ina goyon bayan a ba gidan tarihi kuɗi, amma kada a yi wa kansiloli alkawarin 'yan yawon buɗe ido. Ranar da suka ƙirga ba su ga kowa ba, da wannan alkawarin za su yanke kuɗin.

Ɗan Jami'a:
To Yaya, da wace hujja za a nema?

Injiniya:
Da hujjar da ake ba ɗakin karatu kuɗi. Ba wanda ya taɓa tambayar ɗakin karatu ribar da ya kawo.

Barista:
A nan akwai wani bambanci na doka da ya kamata a sani, don shi ke bayyana abin da Baba Ma'aji ya faɗa. A Ingila, dokar 1964 ta ɗakunan karatu da gidajen tarihi ta wajabta wa majalisu samar da ɗakin karatu, amma gidan tarihi izini kawai ta ba su, in sun ga dama. Duk ranar da aljihu ya matse, abin da doka ta ce dole shi ake fara biya, na ganin dama shi ake fara yankewa. Kowa ya duba dokar da ta kafa majalisar garinsa ya ga a wane ɓangare gidan tarihi ya faɗa. Galibi a na ganin dama za ku same shi.

Mai Adana Kaya:
Na yi shiru ina karantawa, bari in yi magana a matsayin wadda ta yi aiki a sito. Alhaji ya tambayi mutum nawa ke shiga. Tambaya ce mai kyau, amma rabin aikin kawai ta taɓa. Abin da baƙo ke gani a cikin gilashi kaɗan ne daga abin da gida ke riƙe da shi. Sauran yana baya, a sito, kuma can kuɗin ke tafiya ko baƙo ya zo ko bai zo ba.

Ga abin da rashin kuɗin yau da kullum ke yi. A wani gida da na yi aiki, rufi ya fara yoyo a kusurwa ɗaya. Muka rubuta takarda. Aka ce ba kuɗi sai sabon kasafi. Muka sa bokiti. Damina ta wuce, muka buɗe wani akwati da ke jikin bangon, ashe danshi ya bi ta baya. Hotunan ciki sun manne da juna kamar an shafa musu ƙaro, in ka ɗaga ɗaya fuskar mutumin ta biyo bayan ɗan'uwansa. Abin da ya fi ƙona mini rai ma 'yan takardun da aka liƙa a jikin kayan ne, masu ɗauke da lamba da sunan wanda ya bayar da inda aka samo. Sun jiƙe, tawada ta narke. Kayan suna nan, amma ba mai iya cewa na wane ne, daga ina, na wace shekara. Abu ya rasa takardarsa, ya koma tarkace, ko da bai karye ba.

Kuma abin da ake buƙata ba shi da yawa. Danshin ɗaki in ya haura kashi 65 zuwa 70 cikin ɗari ya daɗe a haka, fumfuna za ta kama takarda da fata da tufafi, don haka ana son na'urar auna danshi da iska mai zagayawa. Ana son kanta da za ta ɗaga kaya daga ƙasa, ta nisanta su da bango saboda gara. Kayan da ƙwari suka shiga, a naɗe su a leda a sa a firiza mai sanyi ƙwarai na kwanaki, ƙwarin da ƙwayayensu su mutu ba tare da an fesa guba ba. Ana son tukunyar kashe gobara da ba ta wuce wa'adinta ba. Sai mutum ɗaya da ya san aikin, wanda ake biyansa a kan lokaci har ya zauna. Duk wannan bai kai kuɗin fentin da ake yi wa gaban gini in babban baƙo zai zo ba.

Injiniya:
Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ba ƙananan gidaje kaɗai abin ke ci ba. Gidan tarihin ƙasa na Brazil da ke Rio de Janeiro ya ƙone a daren 2 ga Satumba 2018, shekarar da ya cika shekara 200, da kaya kusan miliyan 20 a ciki. Binciken 'yan sanda ya nuna wutar ta tashi ne daga na'urar sanyaya ɗaki. Ginin ba shi da bututun da ke fesa ruwa da kansa in wuta ta tashi, 'yan kwana-kwana kuma da suka iso sun tarar famfunan da ke kusa ba ruwa. Kafin nan gara ta sa an rufe ɗakin ƙasusuwan dabbobin zamanin da, sai da ma'aikata suka nemi taimakon jama'a ta intanet kafin su sake buɗe shi. Cikin abin da ya tafi har da muryoyin da aka naɗa na harsunan ƙabilun asali, wasu ba sauran mai magana da su. Na san jami'ar tarayya ce ke riƙe da shi, ba majalisar gari ba, amma cutar ɗaya ce: shekara da shekaru ana ɗage ƙananan gyare-gyare. Bayan gobarar kuma sai ga kuɗin sake gini sun fito daga ko'ina.

Mai Biyan Haraji:
To na ji. Amma Hajiya da bakinta ta ce yawancin kayan suna sito ba mai ganinsu. Ga shawara: a zaɓi ɗaya mai tsada a sayar, a gyara rufin da kuɗin, a bar mai biyan haraji ya huta. Ina laifin wannan?

Barista:
An gwada, Alhaji. Majalisar Northampton a Ingila tana da wani mutum-mutumi na Masar, na wani magatakarda mai suna Sekhemka, mai shekara wajen 4,500. A watan Yulin 2014 ta kai shi gwanjo a Christie's da ke Landan, aka saye shi fam miliyan 15.76. Jakadan Masar ya yi Allah wadai. Cikin 'yan makonni hukumar da ke tantance gidajen tarihi a Ingila ta janye wa gidajen majalisar shaidar amincewa na shekara biyar, wanda ya rufe musu ƙofar tallafi da dama. Kuɗin ma ba duka majalisa ta samu ba, sai da ta raba da magajin gidan da ya ba da kyautar tun farko. Wanda ya saya bai bayyana kansa ba, mutum-mutumin kuma ya bar ƙasar.

Ƙa'idar ƙungiyar gidajen tarihi ta duniya, ICOM, ta ɗauki kayan a matsayin amanar jama'a. Ba kadara ba ce da za a juya kuɗi in an matsu, kuma in har an fitar da wani abu, kuɗinsa ya koma wa kayan da suka rage. Ni a wurina ma dalilin da ya fi ƙarfi ba na takarda ba ne. Yawancin abin da ke gidan tarihin gari kyauta ce. Tsohuwa ce ta kawo takardun mijinta, dangi ne suka kawo kayan aikin kakansu, don sun yarda za a riƙe. Ka sayar da ɗaya, ka gaya wa duk mai niyyar kawowa cewa ya riƙe abinsa.

Mai Biyan Haraji:
Barista, ka tsallake ƙarshen labarin. Ba da kuɗin suka faɗaɗa gidan ba?

Barista:
Da shi suka faɗaɗa, an sake buɗewa a 2021. Ban ɓoye ba. Amma ka lura da abin da aka yi da kuɗin: gini. Maganar Baba Ma'aji ta dawo. Sabon gini kuma yana zuwa da ƙarin wuta, ƙarin masu gadi, ƙarin rufin da zai yi yoyo wata rana, kuma ba sauran mutum-mutumi na biyu.

Tsohon Kansila:
Ku bari wanda aka taɓa zagi a kan kasafi ya sa baki. Kuna magana kamar kansila mugu ne ko jahili. Ku zauna a kujerar. A gabanka akwai mata da suka zo a kan rijiyar burtsatse, akwai 'yan fansho da suka yi watanni ba a biya su ba, akwai takardar gidan tarihi da ba wanda ya rako ta. Wa za ka ba? Ban taɓa ganin mutum goma sun taru a ƙofar majalisa ranar kare kasafi a kan gidan tarihi ba. Masu sonsa a zaure irin wannan suke, ranar zaman sauraron ra'ayin jama'a kuwa ba ka ganin ko ɗaya.

Ku dubi Detroit a Amurka. A watan Yulin 2013 birnin ya je kotu ya ce ya kasa biyan bashi, wajen dala biliyan 18. Zane-zanen da ke babban gidan zane-zane na birnin mallakar birnin ne, masu bin bashi suka ce a sayar. A ɗaya gefen ga tsofaffin ma'aikata da za a yanke wa fansho. Wanda ya ce wannan zaɓi mai sauƙi ne bai taɓa kallon idon ɗan fansho ba.

Barista:
Ranka ya daɗe, ba mai cewa da sauƙi. Amma ƙarasa yadda aka fita. Gidauniyoyi masu zaman kansu da jihar Michigan da gidan kansa suka yi alkawarin dala miliyan 816 cikin shekara 20, kuɗin ya tafi asusun fansho, aka cire kayan daga mallakar birni aka mayar hannun amintattu don kada a sake sa su a ciniki. Akwai kuma abin da ya riga wannan. A 2012 mazauna gundumomi uku da ke kewaye, Wayne da Oakland da Macomb, suka kaɗa ƙuri'a suka amince da ɗan ƙarin harajin gidaje na shekara goma don gudanar da gidan, su kuma su riƙa shiga kyauta. A 2020 suka sabunta. Mutanen da ake cewa ba su damu ba, da aka tambaye su kai tsaye, sun yarda su biya.

Ɗan Jami'a:
Wannan ya burge ni. Akwai wani wurin da ake haka?

Barista:
Yankin Denver a Amurka tun 1988: santi ɗaya a kan kowace dala goma ta ciniki, ana raba wa gidajen tarihi da na kimiyya da na al'adu, manya da ƙanana, kuma masu zaɓe sun sabunta shi fiye da sau ɗaya. Dabarar ma tsohuwa ce. Dokar gidajen tarihi ta 1845 a Birtaniya ta ba garuruwan da suka kai mutum 10,000 damar ɗora sisin kwabo a kan kowace fam ta harajin gidaje don kafa gidan tarihi. Tun lokacin sun gane ƙaramin abu mai zuwa kullum ya fi babba mai zuwa sau ɗaya.

Tsohon Ma'aji:
A nan ni da Barista za mu rabu. Harajin da aka keɓe wa abu ɗaya yana da daɗin ji, amma ma'aji ba ya sonsa, kuma ba don son zuciya ba. Yau ka keɓe wa gidan tarihi, gobe masu filin wasa su zo, jibi masu lambun shaƙatawa. Kafin ka ankara an ɗaure rabin kuɗin gari, annoba ta zo ko gada ta karye, ba ka da inda za ka taɓa. Na biyu, wannan tsarin yana aiki ne inda ake karɓar haraji da gaske, ake kuma da rajistar gidaje. Inda majalisa ke jiran kason da za a turo mata daga sama, sisin kwabo na me za ka keɓe?

Abin da na fi yarda da shi: layi na kansa a kasafin yau da kullum, da sunan gidan, kada a cusa shi ƙarƙashin "al'adu da bukukuwa" inda biki ɗaya zai cinye na shekara. A yi yarjejeniyar shekara uku ko biyar don mai riƙe da gidan ya iya tsara aiki. A riƙa saki duk wata uku. Ko kaɗan ne, in ya tabbata, za a yi aiki da shi.

Malamar Firamare:
Baba, yarjejeniyar shekara biyar da majalisar da ke canzawa kafin nan? Sabon ciyaman ya zo ya ce bai san zancen ba.

Tsohon Ma'aji:
Shi ya sa ake sa ta a dokar majalisa, 'yata, maimakon takardar da mutum ɗaya ya sa wa hannu. Za a iya soke doka, amma sai an zauna a fili an soke, a ga wanda ya ɗaga hannu.

Ɗan Jami'a:
Akwai abin da ba wanda ya taɓo. In majalisa ce ke biya, tarihin wa za a nuna? Mai ba da kuɗi shi ke zaɓen hoton da za a rataye. Unguwar da aka rushe, yajin aikin da aka murƙushe, mutanen da suka zo daga baya suka gina rabin garin, wa zai sa su a gilashi in hakan zai ɓata wa masu mulki rai? Gidan tarihin unguwar District Six a Cape Town, Afirka ta Kudu, ya fi burge ni. A 1966 gwamnatin wariyar launin fata ta ayyana unguwar ta farare zalla, aka kori mutum fiye da 60,000, aka rushe gidajensu. Tsofaffin mazauna da masu goya musu baya ne suka kafa gidan, aka buɗe a 1994, da allunan sunayen titunan da aka rushe a rataye, da taswira a ƙasa inda mutane ke rubuta inda gidansu yake. Hukuma ba za ta taɓa yin irin wannan ba.

Mai Adana Kaya:
Ɗana, misalinka mai kyau ne, amma ka bi shi zuwa 2020. Da korona ta hana baƙi zuwa, gidan nan da ya dogara da kuɗin ƙofa sai da ya fito yana neman gudummawar jama'a don kada ya rufe. Amsar Alhaji ke nan ma a kan cin gashin kai: kuɗin ƙofa na iya ɗaukewa a dare ɗaya, gara kuwa ba ta tafiya hutu.

Tsoron da kake ji gaskiya ne, na gani da idona, an taɓa sa mu sauke wani hoto saboda wanda ke cikinsa ba ya shiri da masu kujera a lokacin. Maganinsa a raba hannun da ke biya da hannun da ke zaɓen abin nunawa. Majalisa ta ba da kuɗi ta binciki yadda aka kashe, kwamitin amintattu mai malamai da masana da wakilan unguwanni ya riƙe abin da ya shafi baje koli. Kansila ɗaya ko biyu a kwamitin ya isa, kada su zama mafi rinjaye.

Tsohon Kansila:
Hajiya, wato mu biya mu yi shiru.

Mai Adana Kaya:
Ku biya ku tambayi rasit, ranka ya daɗe. Haka kuke yi da asibiti, ba ku gaya wa likita allurar da zai yi.

Injiniya:
Wani zai ce a miƙa wa jami'a kawai a huta. Philadelphia ta yi. Gidan tarihin birnin, wanda mai kamfanin rediyo Atwater Kent ya ba da gininsa a 1938, ya rufe ƙofa a 2018 bayan shekaru yana fama da ƙarancin kuɗi da na baƙi. Kayan, fiye da 100,000, suka koma hannun jami'ar Drexel da amincewar kotu a 2022. An tsira da kayan, ana ɗaukar hotunansu ana sawa a intanet, ana ba wasu gidaje aro. Amma babban birni irin wannan, inda aka sa hannu a takardar 'yancin Amurka, ya wayi gari ba shi da gidan da yaro zai shiga ya ga tarihin birnin kansa a wuri ɗaya. Ga mai bincike an yi gyara. Ga ajin Malama an yi asara.

Mai Biyan Haraji:
Kun taru a kaina, to ku ji sharaɗina. Ni ban yarda da "ku ba mu don tarihi na da muhimmanci" ba, kowa haka yake cewa a kan nasa. In za a ba da kuɗina, ina son in ga lissafin abin da ke cikin gidan. Hajiya, tsakani da Allah, gidaje nawa ne ke da cikakkiyar rajista? In abu ya ɓace a sito, wa zai sani? Kada mu biya kuɗin gadin kayan da ake fitarwa ta ƙofar baya.

Mai Adana Kaya:
Wannan tambayar ta fi duk abin da aka faɗa yau zafi, Alhaji, kuma ba zan kare kowa ba. Gidaje da yawa, har manya, suna da kayan da ba a taɓa rubutawa ba. Akwai ma'auni mai sauƙi da ake kira Object ID, tun 1997, yanzu yana hannun ICOM: hoton abu, irinsa, abin da aka yi shi da shi, tsawo da faɗi, rubutu ko tabon da ke jikinsa, zamaninsa. Da wannan 'yan sanda da Interpol ke iya neman abin da aka sace. Waya mai kyamara da ma'auni da littafi sun isa a fara. Abin da ke hanawa lokaci ne da ma'aikaci, su kuma albashi ne. Ka ga mun koma gidan jiya: kana son rajista kafin ka biya, rajistar kuma sai an biya take samuwa.

Tsohon Ma'aji:
Wannan ba ya gagara. A raba sakin kuɗin. Kason farko ya tafi kan rufi da rajista kawai. Na gaba ya fita in an kawo adadin kayan da aka rubuta, odita ya shiga sito ya zaɓi lamba ashirin yadda ya ga dama, a nuno masa su a kan kanta. Kwafin rajistar ɗaya a gidan, ɗaya a ofishin majalisa, don wuta ko ɓarawo kada su tafi da duka. Sai rahoto na shafi biyu duk shekara: makarantu nawa suka zo, me aka karɓa, me ya lalace, me ya ɓace.

Mai Biyan Haraji:
Da wannan zan iya zama a yi magana. Amma ƙofa fa a riƙa karɓa ko kaɗan ne daga manya. Abin da aka samu kyauta ba a ganin darajarsa.

Malamar Firamare:
Birtaniya ta cire kuɗin shiga manyan gidajenta na ƙasa a Disambar 2001, mutane suka ƙaru, ba su ragu ba. Kuma mazaunin gari ya riga ya biya ta haraji, Alhaji, kai da kanka ka ce kuɗinka ne. Sau biyu za ka biya?

Tsohon Ma'aji:
Ku ƙara da wannan kafin ku yanke. A ƙaramin gida, in ka lissafa albashin mai yankan tikiti da buga tikitin da wanda zai bi kuɗin zuwa banki, wani lokaci abin da ƙofa ta tara bai biya su ba. Kuma a majalisu da yawa kuɗin ƙofar ma ba ya zama a gidan, babban asusu yake shiga, ya narke a can. In za a karɓa, a rubuta a dokar cewa gidan ne zai riƙe abinsa, kuma ba za a rage masa kaso don ya tara ba. In ba haka ba wa zai wahalar da kansa neman baƙi?

Tsohon Kansila:
Duk na ji. Zaman sauraron ra'ayi kan kasafi a buɗe yake ga kowa a yawancin majalisu, ana kuma liƙa ranarsa a allon sanarwa. Malama, in da gaske ne, ki zo da iyayen yaran nan, Hajiya ta zo da hotunan da suka manne. Baba Ma'aji, wannan tsarin naka na sakin kuɗi kashi-kashi, za ka iya rubuta shi a shafi ɗaya yadda kansila zai karanta a tsaye? Fiye da shafi ɗaya ba mai dubawa.

Tsohon Ma'aji:
Zan rubuta in sa a nan. Barista, ka duba mini sashen da ya shafi riƙe kuɗin ƙofa, don a wasu wurare dokar kuɗi ta hana kowane sashe riƙe abin da ya karɓa, sai an nemi izini na musamman.